Asibiti, Minti Goma

Ni na rubuta tallar da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a wani kamfanin buga takardu a birni, ina tsara wa mutane kalaman da za su sayar da sabulu da katifa, kuma ba yabon kai ba, na iya. Da muka yanke shawara ni da yayyena cewa gidan mahaifinmu na ƙauye ya daina zaman banza, a riƙa saukar da masu zuwa hutu a cikinsa, ko musu ba a yi ba a kan wanda zai rubuta. Na ɗauki waya na zuba: gida mai ɗaki uku da faffaɗan baranda, lambu mai mangwaro da gwaba da lemo, rijiya mai ruwan sanyi. Ga tafki nan kusa ga mai son kamun kifi, ga dutse ga mai son hawa ya hango gari, ga kasuwa da gidan burodi da gidan mai. A layin ƙarshe na sa: asibiti, minti goma.

Wannan layin ba daga kaina na ciro shi ba. Baba na kira, tsohon da ke kula da lambun tun ba a haife ni ba. Ba danginmu ba ne, amma a kafaɗarsa na koyi tsinkar gwaba, kuma shi kaɗai ya rage a gidan bayan rasuwar mahaifinmu shekara huɗu da suka wuce.

"Baba, akwai asibiti kusa da mu?"

"Akwai, Auta. Nan kusa."

"Na san kusan nan taku ta ƙauye, a nuna wa mutum da baki ya wuni yana tafiya. Minti nawa?"

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Goma."

Ban tambaye shi ta ina ba. Ina da shekara tara aka kai ni makarantar kwana, lokacin ko harsashin asibitin ba a haƙa ba, kuma tun daga nan zuwana gida bai wuce na kwana biyu in ce aiki na jirana. Na rubuta goma na wuce.

Mako uku kafin baƙin farko su zo na tafi na gyara gidan. Na sa aka yi fenti, na canza labule, na sayo tukwanen furanni. A can ƙarshen lambu akwai wata tsohuwar ƙofa a jikin katanga, ƙyaurenta na ƙarfe duk tsatsa, ya karkace, kuma duk hoton da na ɗauka sai ta leƙo ta ɓata min shi. Bayanta kuwa ban ga komai ba sai ciyawa da bishiyoyi. Na kira magini ya cire ƙyauren, ya toshe wurin da bulo, ya shafe, aka bi da farin fenti. Na sa benci a gaban wurin da tukwanen furanni biyu. Ya yi kyau ƙwarai, shi ne ma hoton da na sa a saman tallar.

Baba yana tsaye yana kallo har magini ya gama jera layin farko. Sai ya ce, "Auta, ƙofar nan tana da amfani."

"Amfanin ɓarayi da awaki, Baba. Baƙi za su kwana a nan, dole a ce gida a rufe yake."

Bai ƙara ba. Shi mutum ne da idan ya faɗi magana sau ɗaya, ya gama. Ni kuma ranar bakina ya buɗe, har na haɗa masa da faɗan baro. Baro biyu gare shi. Ɗaya duk ya lotse, tayarsa na kuka, da shi yake kwasar taki. Ɗayan kuma lafiyayye yana bayan rumfar kayan aiki an lulluɓe shi da tamfol kamar sabuwar mota. Na ce masa ya yi amfani da mai kyan ya yar da ruɓaɓɓen, shi da tsohon ƙyauren duka. Ya ce to. Daga ranar gaisuwarsa ta gajarce, na lura, na kuma ce rigimar tsufa ce.

Baƙin nawa na farko wani injiniya ne mai ritaya, wanda ya yi rayuwarsa yana awon hanyoyi da filaye, da matarsa, tsohuwar malamar makaranta. Sau uku ya kira ni kafin su taso, kuma kowane kira a wuri ɗaya yake ƙarewa. Malama tana da ciwon asma. Likita ya ce ta samu mako biyu a inda iska ke da tsabta, amma kada su yi nisa da asibiti. Ba tafki ya kawo su ba, ba dutse ba, layin nan na ƙarshe ne. Duk lokacin da ya tambaya sai in ce, "Ranka ya daɗe, minti goma ne, ka kwantar da hankalinka." Na ɗauki hutu a wurin aiki na je na tarbe su da kaina.

Malama mace ce mai raha, siririya, muryarta ƙasa-ƙasa. Tana sauka daga mota ta ce min 'yata, ta zagaya lambu tana shafa ganye, ta ce bencin can na ƙarshe nata ne, kada kowa ya taɓa mata. Shi kuwa Injiniya dogo ne mai jiki, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, da agogo mai faɗin fuska a hannunsa. Tun bai zauna ba ya gaya min cewa matakalar baranda ta biyu ta fi ta farko tsawo.

"Rabu da shi," in ji Malama. "Shekara arba'in ina dafa masa abinci yana auna min gishiri da ido."

Washegari da sassafe na ji tashin mota. Na ɗauka burodi ya tafi saye. Har rana ta ɗaga bai dawo ba. Na haɗa shayi ya huce, na sake ɗumamawa. Malama ta ɗauki littafinta ta tafi bencinta. Na ji ta yi tari sau biyu a hanya, na tuna warin fentin da har yanzu bai gama fita daga ɗakunan ba, na yi maza na buɗe tagogi.

Wajen ƙarfe goma motar ta shigo, laka har ƙofofinta. Injiniya ya fito bai rufe ƙofar ba, ya hawo baranda ya tsaya a kaina. Ban taɓa ganin mutum ya yi fushi a hankali haka ba. Ya ciro wata 'yar takarda daga aljihu, tallata ce ya buga ya ninke, ya ja layi a ƙarƙashin layin ƙarshe.

"Karanta min nan."

"Asibiti, minti goma."

"Na je," ya ce. "Ba na kwana biyu a wuri ban san hanyar asibiti ba. Daga ƙofar nan sai ka koma babban titi, ka bi shi ka gangara har gada, ka haye rafi, ka sake hawowa ta ɗaya gefen a kan hanyar da ba kwalta. Minti hamsin da biyar. Dawowa hamsin da takwas, don na tsaya wa shanu." Ya ƙwanƙwasa fuskar agogon da yatsa. "Sau uku na tambaye ki, yarinya."

Bakin nan nawa da ke sayar da katifar da ban taɓa kwanciya a kai ba ya bushe. Na fara cewa wataƙila ya ɓata hanya ne, ya dube ni, na haɗiye sauran. Wanda ya yi shekara talatin yana fitar da hanya ba a ce masa ya ɓata.

"Ba kuɗina nake magana ba," ya ce. "Numfashin matata na ɗora a kan maganarki. Ki kira min ita, mu haɗa kaya."

Kunya da haushi suka haɗu min, haushin kuwa duk a kan Baba na juye shi a zuciyata. Na sauka na bi ta tsakanin bishiyoyin lemo ina shirya abin da zan gaya wa tsohon nan. Ban kai ga shirya jimla ta biyu ba na ji wani sauti, siririn fito, yana fita yana katsewa. Na ɗauka tsuntsu ne.

Malama ce. Tana zaune a bakin bencin ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka, littafin ya faɗi a ƙasa. 'Yar robar maganin da take shaƙa tana hannunta. Ta kai baki ta matsa, ta ja, iskar ba ta shiga ba. Ta sake matsawa. Ta ɗago ta dube ni, tana so ta ce wani abu, kalma ɗaya ta gagare ta.

Ban san da wace murya na kira Injiniya ba, na dai gan shi ya taho yana jan ƙafa a guje. Ya durƙusa a gabanta ya karɓi maganin ya girgiza, ya sa mata, yana ƙirgawa a fili. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya jira. Ya sake ba ta huɗu. Fiton bai ragu ba, sai ma ya ƙara siranta, kuma na ga gefen leɓɓanta ya fara canza launi.

"Ya taɓa yi mata haka?" na tambaya.

"Sau ɗaya. Ranar muna da asibiti a ƙarshen layinmu." Bai dube ni ba. "Kama min ita, mu kai ta mota."

Mun ɗago ta ke nan sai ga Baba ya ɓullo daga bayan rumfa. A hannunsa ɗaya diga, ɗayan kuma yana janye da lafiyayyen baron nan da na yi masa faɗa a kai. Ya cire tamfol ɗin. A ciki akwai guntun katifa da aka yanka daidai cikin baron, da wani katako da aka kafa a baya don jingina, da igiya a ɗaure a gaba.

"Mota ba za ta kai ta ba," ya ce. "Ku ɗage bencin nan."

"Kai kuma wane ne?" in ji Injiniya.

"Mai lambu ne. Asibitin yana bayan katangar nan. Minti goma."

Injiniya ya yi wata dariya marar daɗi. "Minti goman nan dai. Kai ne ka gaya mata?"

"Ni ne."

"Ka matsa, dattijo, kada ka ɓata min lokaci."

Baba bai matsa ba. Ni yake kallo. A nan ne abin ya faɗo min gaba ɗaya, ƙofar, da maganar da ya yi sau ɗaya, da shirun da ya yi a waya kafin ya ce goma.

"Ranka ya daɗe," na ce, "akwai ƙofa a nan, daidai bayan bencin. Ni na sa aka toshe ta."

"Kin taɓa bin hanyar?"

"Ban taɓa ba."

Ga mota a buɗe, hanya ce da ya auna da agogonsa ya san tsawonta. Ga kuma farar katanga da maganar mutum biyu da suka riga suka yaudare shi sau ɗaya a ganinsa. Matarsa tana rataye a hannunsa, kowane numfashi sai ta yi kokawa da shi. Na ga gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa. Da ni ce da ban san abin da zan zaɓa ba, kuma har yau ina jin tsoron tuna wannan tsayuwar.

Injiniya ya ɗaga kai ya dubi rufin gidan, ya dubi rana, ya juya ya dubi katangar.

"Daga harabar asibitin na hango jan rufi a tsakanin mangwarori, da tankin ruwa a gefen dama. Naku ne?"

"Namu ne," in ji Baba. "Babu wani jan rufi a wannan gefen."

Injiniya ya motsa leɓɓansa yana lissafi. "Bai kai kilomita ɗaya ba." Ya zaunar da Malama a cikin baron, ya jingina ta da katakon, ya dubi agogo. "Ba ni digar."

Na ture bencin, tukwanen furannina suka faɗi suka fashe, ko waiwayarsu ban yi ba. Baba ya sa tafin hannu a jikin farin fentin ya nuna masa inda tsohuwar katanga ta ƙare, sabon bulo ya fara. Injiniya ya ɗaga diga ya sauke. Fenti ya tsage, bulo bai motsa ba. Ya sake. A bugu na huɗu ƙafarsa mai ciwo ta goce, ya durƙusa. Baba ya karɓa. Mutum mai shekara saba'in, amma ya san diga, ba ƙarfi yake sa wa ba, layin siminti yake nema. Bulo ɗaya ya faɗa baya, haske ya shigo. Na sa hannu na ja na kusa da shi, sai ya biyo ni kamar daman jira yake.

Magini ya cuce ni, ashe. Buhu biyu na siminti na ba shi, abin da ya sa a aikin bai fi rabin buhu ba, sauran duk yashi. A rayuwata ban taɓa sa wa ɓarawo albarka ba sai ranar.

Duk da haka sai da muka ci minti shida. Na sani domin Injiniya yana faɗa, yana jifa da bulo yana faɗa, kamar faɗar ce ke riƙe da shi. Na farfasa farce biyu. Tsakanin bugu da bugu ina kasa kunne in ji fiton nan na Malama, domin na gane cewa muddin ana jin sa, iska na shiga. Layin ƙasa na ƙarshe Baba ya daka shi da ƙafa, ya share ɓaraguzan da gefen diga don taya ta wuce.

"A zaune za ta tafi, kada ta kwanta," ya ce. "Auta, ke za ki tura. Ranka ya daɗe, ka riƙe mata kafaɗa. Ni zan ja."

Ya naɗa igiyar a hannu ya shige gaba. Na kama hannuwan baron na ɗaga, muka fita ta ramin.

Ciyawar da na gani daga ciki ashe taku biyar ce kawai. Bayanta hanya ce, siririya, faɗinta daidai baro da mutum ɗaya a gefe. An dabe ta da tsakuwa. Inda saiwar bishiya ta ratsa, an sare ta an cike gurbin. Inda ruwa ke zaizaya, an jera duwatsu a gefe an yi masa magudana. Tayar ba ta yi ko ƙara ba, an ba ta iska ta yi tauri, an shafa mata mai. Ban yi tunanin komai a kan wannan ba a lokacin, gudu kawai nake, idona a kan ƙeyar Malama da ke rangaji.

"Minti uku," in ji Injiniya. Yana haki, hannunsa ɗaya a kafaɗarta, ƙafar na jan ƙasa. "Malama, kina ji na? Ja a hankali. Ke da kika iya da aji mai yara sittin."

Ta ɗaga yatsa ɗaya daga gefen baron ta mayar.

Hanyar ta gangara, baron ya fara fin ƙarfina, yana neman ƙwacewa. Baba ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Sauke hannunki ƙasa kaɗan, ki bar shi ya ja ki. Akwai kwana a gaba, hagu." Ya san kowane taku. Muka sha kwanar, sai ga rafi. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, kuma ban ga gada ba.

Ba gada ba ce, shimfiɗa ce ta manyan duwatsu masu faɗi, an jera su a ƙasan ruwan an haɗe su da siminti, ruwa na bi ta kai bai wuce idon sawu ba. Muka faɗa ciki. Takalmina ɗaya ya tafi da ruwa. A tsakiyar rafin na daina jin fiton.

"Ta yi shiru," na ce. "Baba, ta yi shiru."

"Tura," ya ce.

Injiniya yana kiran ta, ba Malama yake cewa ba yanzu, wani suna ne na tsakaninsu da ban taɓa ji ba kuma ba zan maimaita ba. Kanta ya langaɓe gefe, ya tallafe shi. Daga rafin hanya ta miƙe sama, an yi ta a karkace don kada hawan ya yi tsauri. Hannuwana suka mutu. Na sa ƙirji a bakin baron ina turawa da jiki duka, Baba ya sunkuya har igiyar ta nutse a kafaɗarsa, ina jin numfashinsa shi ma yana fita da ƙyar. Sai na ji wani ɗan siririn sauti daga Malama, guda ɗaya, sannan wani. Ban taɓa jin abin da ya fi shi daɗi ba.

Muka ɓulla a bayan wani gini mai ɗaki huɗu, ta wajen igiyar shanya. Baba ya ɗaga murya ya kira nas, ta leƙo ta taga, ta ga baron, ba ta tambayi komai ba. Kafin mu zagayo ta turo kujera mai taya. Nas ɗin da wani ma'aikaci suka shige da Malama, na hango ta ƙofa ana sa mata abin rufe hanci da baki mai fitar da tururi, nas tana fasa kwalbar allura. Aka rufe ƙofar da Injiniya a ciki.

Na zauna a kan dakalin baranda da takalmi ɗaya. Baba ya tsuguna a gindin bango kusa da baronsa, ya cire hula yana fifita da ita. Wata mata mai goyo da ke jiran layi ta miƙo min ruwa a roba, na sha, na miƙa wa Baba.

An fi rabin awa kafin ƙofar ta buɗe. Injiniya ya fito, rigarsa duk farin fenti da laka, ya zauna a gefena da nauyi.

"Tana numfashi," ya ce. "Har ta ce a ɗauko mata littafinta kada akuya ta cinye." Ya share fuska da tafin hannu, ya daɗe bai sauke ba. "Nas ta ce da ta titi muka biyo, da ba wannan maganar muke ba."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu. Ya dubi agogonsa, ya dubi Baba.

"Daga katanga zuwa nan, minti tara da rabi. Dattijo, wa ya fitar da hanyar nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai kaɗai? Hawan nan na bayan rafi, wa ya gaya maka a karkace ake yin sa?"

"Baro ne ya gaya min."

Injiniya ya jinjina kai, ya miƙa masa hannu biyu suka gaisa, ya koma wurin matarsa.

Muka kamo hanyar gida ni da Baba don in kwaso musu kaya. Ni ke tura baron, yanzu ba nauyi. A hankali muke tafiya, sai a lokacin na ga aikin da kyau, dutse bayan dutse, kowanne an ɗauko shi daga wani wuri an kawo. Ba aikin wata ɗaya ba ne, ba kuma na shekara ɗaya ba.

"Baba, me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na gaya miki tana da amfani."

"Ba ka ce ta asibiti ba ce."

"Ba ki tambaya ba, Auta. Kina sauri."

Mun iso rafin. Ya tsaya a bakin ruwan, na ɗauka hutawa yake. Takalmina na can ya maƙale a jikin wata saiwa, bai ko dube shi ba.

"Ranar Maigida," ya ce, haka yake kiran mahaifinmu, "babu duwatsun nan. Da tsohon baron na ɗauko shi, wanda kika ce in yar. Sau uku taya na maƙalewa kafin mu iso nan. A nan kuma ta nutse a laka, na ciro ta ta sake nutsewa. Ina ta yi masa magana yana amsawa. Daidai inda kike tsaye ya daina."

Na dubi ƙafafuna. A waya aka gaya mana cewa mahaifinmu ya rasu a asibiti, kuma kullum a kan gado nake ganin sa, da farin zanen gado da nas a kansa. Mu huɗu ya haifa, babu wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi ya isa can.

"Minti ashirin da biyar na yi ranar," in ji Baba. "Nas ta ce da an kawo shi da wuri, wataƙila. Wataƙila dai ta ce, kwana ya ƙare ba a yi masa dabara. Amma ban ji daɗin ashirin da biyar ɗin nan ba. Shi ne na riƙa rage ta kaɗan-kaɗan. Duk wata nakan sa buhun taki biyu a baro in gwada, nas tana duba min agogo. Da kika kira ni, satin ne na kai ta goma."

Na zauna a kan dutsen, cikin ruwa, na yi kukan da ban yi ba shekara huɗu da suka wuce, lokacin da nake ta amsa waya da sallamar baƙi. Baba bai hana ni ba. Ya shiga ruwan ya ciro min takalmina, ya wanke lakar, ya ajiye a cikin baron.

Da muka iso katangar, ramin na nan baki buɗe, ɓaraguzan bulo ko'ina, furannina a ƙasa an tattake su. Ya tsaya yana duban ɓarnar.

"Yaushe maginin zai dawo ya toshe?" ya tambaya, ba tare da ya dube ni ba.

"Ba zai dawo ba, Baba. Ƙyaure zan sa a yi, sabo."

"Ba sai kin sa ba," ya ce. "Tsohon yana ƙarƙashin gadona. Na kankare tsatsar."